Rijiyar da Na Zaɓa wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na zama masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Ko da na so in manta, mutanen wani ƙauye da ke gaba da Kebbe kaɗan ba za su bari ba, domin har gobe idan na sauka daga babur a bakin masallacinsu, sai wani ya ɗaga murya daga inuwa ya ce, "Na Ɗaya, an iso?" Ni kuma in amsa da fara'a. Mutum ba ya fushi da sunan da ya raɗa wa kansa.

Bari in fara da gaskiyar da na ƙi faɗa a lokacin da take da araha. Ni mai shagon caji ne a Tambuwal, kusa da tasha. Karatuna sakandare ne, ita ma da ƙyar da jiɓin goshi. Aikin caji kuwa rabinsa zama ne: ka karɓi waya, ka ba da lamba, ka jona, ka koma kan benci kana sauraron janareto. A cikin wannan zaman ne abokina Bello, ɗan Jabo, ya sa mini wani wasan gine-gine a waya. Duniya ce guda ake miƙa maka, kuma komai na cikinta tubali ne. Ƙasa tubali, itace tubali, ruwa tubali, har tunkiya tana yawo da kusurwoyinta. Ka sare, ka tona, ka gina, ka yi noma, ba mai ce maka yi ko bari. Duk sanda ka buɗe sabuwar duniya kuma, wasan ne ke zana maka ita daga farko, da tudunta da kwarinta, ba ya maimaita ta jiya.

Na ce wa Bello wannan ai wasan yara ne. Ba a jima ba na mallaki bene, da rumbuna, da garken shanu (a zahiri kuwa ɗakin haya nake ciki, ko kaza ban ajiye ba).

Lokacin ban cika shekara da auren Kulu ba. Mace ce mai haƙuri, amma haƙuri ba makanta ba ne. Wata rana ta ajiye mini abinci har ya huce ina danne-danne, sai ta ce, "Wai mi kaka yi cikin wayar ga kullum? Ko da wata kaka zance?"

Da na ce mata wasa nake yi, da ta yi mini dariya, da an wuce wurin. Amma yaya sabon ango mai gemu zai ce wa amaryarsa yana kiwon tumakin tubali? Sai na gyara murya na ce, "Nazarin ƙasa nika yi."

"Ƙasa kamar yaya?"

"Duwatsu, da kogwanni, da inda ƙarfe yake kwance, da inda ruwa yake ɓoye. Ilimi ne mai zurfi, Kulu. Ba kowa ba ne ya san shi."

Na buɗe mata taswirar duniyata daga sama, inda ba a ganin tumaki, sai kore da shuɗi da ruwan toka. Ta duba, ta dube ni, na ga idonta ya cika da wani irin girmamawa da ban taɓa gani ba. Tun daga ranar, idan na ɗauki waya har rediyo take rage wa murya. Ni kuwa na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi ƙwarai.

Ana haka sai masu wasan suka sabunta yadda ake zana duniya. Mu da muke yinsa a tasha muka ɗauki abin kamar an canza gwamnati. A da, tudun wasan bai fi jigawa ba, kogonsa kuma ramin ɓera ne da aka ɗan faɗaɗa. Da sabon zubi ya zo, sai ga duwatsu sun taɓa gajimare, da ƙanƙara a kansu. Sai ga kogwanni da za su haɗiye kasuwar Tambuwal har da 'yan tebur. Bello ya ce dole mu jera sababbin abubuwan daga na baya zuwa na gaba, mu ga wa ya fi hankali. Shi duwatsu ya ba na ɗaya. Na ce masa ra'ayin mutumin da bai taɓa ganin abin da ya fi suri tsawo ba ke nan. Muka yi ta musu har mai shayi ya roƙe mu mu koma wata rumfar.

Don in kashe bakinsa, na ɗauki bidiyo da muryata, ina yawo cikin wasan ina yanke hukunci kamar alƙali. Filin furanni na jefa can baya, na ce fure ba ya miya. A gabansa na sa wani kogo mai tsinin duwatsu da ke reto daga sama, don ya taɓa kashe ni ina ɗauke da kayana duka, kuma ni mutum ne mai riƙo. Sauya wa ma'adinai wurin zama da aka yi, yanzu sai ka nutsa can ƙasa kafin ka ga abin kirki, na ce ba yabo ba fallasa. Duwatsun Bello na ba su na biyu, na ce suna da kyau amma girman kai ne kawai, ka hau da wahala ka sauko hannu wofi.

Na ɗaya kuwa wani ɗan itace ne mai fure. A sabon zubin, duk inda ka gan shi tsaye, to ka tona gindinsa ka bi saiwarsa, za ta kai ka wani kogo mai ciyawa shar da tafkunan ruwa garau. Ba ya kuskure. A bidiyon har ihu na yi: "Na ɗaya! Na ɗaya! Wannan itace ba ya ƙarya. Abin da ya nuna a sama, shi ne a ƙasa!" (Ka ji mai yabon gaskiya. A daidai lokacin Kulu tana tsakar gida tana hana yaran maƙwabta surutu, wai Malam yana nazari.)

Ban san ashe ilimina ya riga ni zuwa ƙauyen su Kulu ba. Mahaifinta, Malam Sahabi, manomi ne mai ƙarancin magana, kuma tun farko bai cika son aurenmu ba. An gaya mini ya taɓa cewa bai ga yadda gadin wayoyin mutane zai zama sana'ar magidanci ba. Maganar ta tsaya wa Kulu a rai. Saboda haka da ta je ganin gida, ta samu abin da za ta rama da shi: mijinta ba mai gadi ba ne, masanin ƙasa ne, yana zaune a Tambuwal yana ganin ruwan da ke ƙarƙashin dutse.

Sai ga saƙo Baba yana son ganina.

Wanda ya san surukuta a wajenmu ya san yadda ake zuwa. Tun daga nesa na tuɓe takalmi. Na shiga zaure na durƙusa a gefen tabarma, kaina a ƙasa, ina ƙirga zaren bakinta da ido. Muka gaisa doguwar gaisuwa, shi yana kallon bango, ni ina kallon ƙasa. Can ya ce, "Yarinyar ga ta ce kana da ilimin ƙasa."

Ga ƙofa a buɗe. "Baba, wasa ne." Numfashi guda ya isa. Amma suruki ba ya gyara wa surukinsa zance, balle ya ƙaryata ɗiyarsa a zaurensa. Kuma, in faɗi gaskiya, ba kunya ce kaɗai ta riƙe mini baki ba. Wannan ne karo na farko da na ji taushi a muryar mutumin nan yana magana da ni.

Na ce, "Ɗan kaɗan ne, Baba."

Ya ce, "Masu ilimi haka suka cewa."

Sannan ya warware mini. Yana son ya yi lambun albasa a filinsa na bayan gari, amma sai da rijiya. Ya riga ya kira gayya: dangi da maƙwabta za su bar ayyukansu su zo su yi masa wuni guda na tono, shi kuma ya ciyar da su. Har ya ware akuyar da za a yanka. Gayya kuwa ba a kiranta sau biyu a rani ɗaya. Idan ta tafi a banza, ta tafi ke nan sai baɗi. Ya ce da ma niyyarsa a tona a gangaren gabas, a jerin rijiyoyin maƙwabta. "Amma tun da Allah ya kawo muna mai sani cikin gida, ba mu yin aiki da ka."

Na ce, "To, Baba." Abin da suruki ke cewa ke nan, ko an ce ya ɗauko wata daga sama.

Da la'asar muka fita filin, ni da Baba da wasu dattawa, da Buhari. Buhari ɗan kawun Kulu ne, taubashinta, ɗan kabu-kabu mai bakin da ba ya hutawa, kuma tun ranar ɗaurin aure ya mayar da wasan da ke tsakaninsu kaina. Na ɗaga waya sama ina tafiya a hankali, ina juyawa dama da hagu (fuskar wayar a kashe take, mai caji ya san darajar batir).

Buhari ya ce, "Injiniya, ruwa kaka nema ko sabis?"

Wani dattijo ya ce, "Kai Buhari, bar mutum shi yi aikinai."

Aikinai! Sai na ji kafaɗuna sun buɗe. Tsoron da na fito da shi ya fara narkewa. Na ce a raina, ai masu wasan nan ba mahaukata ba ne, daga duniyar gaske suka kwaikwayo komai. In itace yana nuna ruwa a can, me zai hana a nan? Ina cikin wannan tunani na hango shi a kusurwar yamma: wani dogon-yaro shi kaɗai, ganyensa kore shar a tsakiyar rani, ya yi fure farare, ƙamshi yana tashi. Ciyawar gindinsa ta fi ta ko'ina duhu, ƙasar wurin kuma ta ɗan lotsa.

Maimakon in nuna kawai in yi shiru, sai halin tasha ya motsa. Na tsaya a gaban dattawa na fara jeri. Tsakiyar fili na ce shi ne na baya, ba shi da wani alheri. Gangaren gabas, inda kowa a ƙauyen ya tona ya samu ruwa tun kaka da kakanni, na ba shi na biyu, na ce ba laifi. Sannan na taka har gindin dogon-yaro, na dafa shi, na ce, "Na ɗaya. Wannan itace ba ya ƙarya."

Aka yi tsit. Wani tsoho da ake kira Baba Ummaru, wanda shi ne zai ja ragamar masu tono, ya yi gyaran murya ya ce, "Nan kuwa..." Sai ya dubi Malam Sahabi ya haɗiye sauran. Malam Sahabi ya daɗe yana kallon itacen. Can ya ce, "To. Abin da mai ilimi ya ce."

Na ɗauki shirun nan a matsayin mamaki.

Ranar gayya na zo da farin yadi, da hula, da turare. Mutane suka taru da diga da dagi da shebur da kwanduna. Har da wani Bafulatani mai suna Jauro, wanda ke zaune da shanunsa a bayan filin, aka yi masa alkawarin zai riƙa shayar da maruƙa idan rijiya ta samu. An kawo ruwan sha a jarkoki a kan jaki daga cikin gari, aka jera a inuwa. Liman ya yi addu'a, aka ce Injiniya ya fara sara. Na sara, aka yi kabbara.

Ƙasar ta yi ta buɗewa kamar tana jiranmu. Baƙa ce, mai laushi, diga ba ta ko ƙara. Ina tsaye a baki hannuna a baya ina cewa, "Kun gani? Alama ke nan." Masu tono suna ta kallon juna. Kafin rana ta take ramin ya kai ƙugu. Sai muka ji dagi ya daki wani abu, ƙum.

Baba Ummaru ya sunkuya ya share ƙasa da hannu. Itace ne. Ya ƙara sharewa, ga wani a gefensa, ga wani kuma. Ya miƙe a hankali ya fito daga ramin, sauran ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ce musu su fito. Ya ce, "Malam Sahabi, wanga itace da munka iske, jere shike."

Na ce, "Saiwa ce!"

Ya ce, "Ɗana, ni dai ban taɓa ganin saiwa ta yi sahu ba."

Ban saurare shi ba. A wasan daidai nan ne ake fasawa a ga kogo. Na kunna ɗaukar bidiyo na miƙa wa Buhari wayar, na ce ya riƙe da kyau, Bello zai gani ya mutu da baƙin ciki. Na tattare riga na dira cikin ramin. Na tsaya a kan itatuwan na buga ƙafa. Suka amsa da irin ƙarar ganga.

Na ce, "Ku ji! Wofi ne a ƙasa! Kogo ne!"

Na ji Malam Sahabi ya ce, "Yaro, fito." Shi ne karo na farko da ya yi mini magana yana kallon fuskata. Amma ni na riga na ɗaga ƙafa don in ƙara musu hujja.

Azara ce ta giginya. Giginya tana da ƙarko, amma ba a yi ta don ta jira wawa har abada ba. Na buga, ta ce ƙaras, ƙasa ta buɗe, na tafi.

Ba zan bayyana abin da na tarar ba, don wataƙila mai karatu yana cin abinci. Abin da zan ce kawai, shekaru sun busar da saman, amma ƙasan bai samu labari ba. Na nutse har ƙirji. Hulata ta faɗo bayana ta zauna a gefena kamar ta zo jaje. Sannan abin da aka rufe tun kafin a haifi Kulu ya samu hanyar fita, ya tashi sama gaba ɗaya. Na ji gudun mutane. Na ji jaki ya yi kuka. Na ɗaga kai, ba kowa a bakin ramin sai Buhari, ya toshe hanci da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da waya daram, kamar yadda na umurce shi.

Ya ce, "Injiniya, ruwan zaƙi ne ko na kanwa?"

Da igiyar da aka tanada don guga aka jawo ni. Kuma saboda Allah ya nufa a cika mini mudu, daidai lokacin ne mata suka iso da abincin gayya. Inna, mahaifiyar Kulu, matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, ita ce a gaba da akushi a ka. Kulu tana bayanta da ƙwaryar fura, ta ci ado, ta zo ganin ranar mijinta. Inna ta tsaya cak, ta dubi ramin, ta dubi itacen, ta dube ni, ta ce, "Innalillahi! Wa ya ce ku buɗe salgar gidan Baffa?"

Ashe kufai ne. Gidan baffan Malam Sahabi ne a wurin kafin su tashi su koma cikin gari. Gini ya rushe ya koma gona, bayan gida kaɗai ya rage a rufe, dogon-yaro yana cin gadonsa shi kaɗai. Itacen bai yi ƙarya ba. Abin da ya nuna a sama, shi ne a ƙasa. Ni ne ban tambaye shi me yake sha ba.

A bayan wani kalgo aka wanke ni. Jarka bayan jarka, sai da ruwan shan gayya ya ƙare kaf a kaina. Wato mutumin da aka kawo ya samar wa gari ruwa, shi ya shanye ɗan wanda aka zo da shi. Aka ba ni aron wani tsohon wandon noma da buhu na yafa. Abinci kuwa sai can nesa aka kai shi, inda iska ba ta biyowa, kuma naman akuyar nan mutane kaɗan ne suka iya kai shi baki.

Na ɗauka an gama. Sai Malam Sahabi, yana kallon wani wuri daban kamar yadda ya saba, ya ce, "Buhari, a ce wa mijin yarinyar ga shi nuna muna abin da waya ta gani. Kila mu ne munka tona ba daidai ba."

Har a lokacin mutumin nan yana nema mini mafita. Wannan ya fi ramin ciwo.

Buhari bai jira izinina ba. Bidiyon da ke kusa da wanda ya ɗauka ya danna, ya ƙure murya, dattawa suka kewaye shi. Sai ga muryata tana tashi a tsakiyar filin: fure ba ya miya, dutse girman kai ne. Wani ɗan mutum na tubali yana tsalle-tsalle da diga a hannu. Saniya ta gifta. Jauro ya matso da ido, ya ce, "Subhanallahi. Wa ya sassaƙe nagge haka, kusurwa fuɗu kamar akwati? Ina tozonta?" Bayan saniya kuma, don kada a rage komai, sai ga alade, ja-ja da shi, ya tsaya a tsakiyar fuskar wayar yana kallon liman. Sannan ihuna ya biyo baya: "Na ɗaya! Na ɗaya! Wannan itace ba ya ƙarya!"

Wani ya fara dariya a hanci, ya mayar da ita tari. Na biyu bai iya mayarwa ba. Daga nan abin ya ɓalle, har Baba Ummaru sai da ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Malam Sahabi ya ce, a hankali, "Ashe wasa ne." Kulu kuwa ta ajiye ƙwaryar fura ta juya ta nufi gida.

Gayya ta watse da rana tsaka. Ba rijiya, ba akuya.

Washegari muka kama hanyar Tambuwal a babur, kuma duk ramukan hanyar Kebbe ba su girgiza kalma ɗaya daga bakin Kulu ba. Sai da muka shiga ɗaki ta cire mayafi, ta ce, "Kai an wanke ka da jarka. Ni da mi za a wanke ni? Ni ce na tsaya gaban Baba na ce mijina ya fi ƙarfin raini." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da ya fi mini sauƙi. Na ba ta haƙuri, na buɗe wasan na nuna mata komai, har tumakin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan benen naka ne?" Na ce nawa ne. Ta ce, "To Allah shi sa a gani a ƙasa."

Bayan kwanaki Buhari ya biyo ta shago da saƙo. Ya ce Baba ya ce a gaya mini kada in ɗauki laifin duka, a raba. Wai tun da na dafa itacen nan gabansa ya faɗi, don da shi aka ɗauko azarar yana saurayi, sai dai bai tabbatar da daidai wurin ba. Amma yaya zai kunyata surukinsa a gaban jama'a, ranar farko da ya nemi shawararsa? Baba Ummaru ma ya tuna, amma mai fili ya yi shiru, shi wa? Sauran suka ce tun da manya ba su yi magana ba, wataƙila waya ta hango abin da ke ƙarƙashin abin. Haka kowa ya riƙa kare mutuncin na kusa da shi, har muka tona salga da kabbara.

Sauran ranin nan, duk ranar da kasuwa ba ta ci sai in bar wa Bello shago in tafi ƙauye. Ni da Buhari muka riƙa tono a gangaren gabas, wurin da na ba na biyu, Baba Ummaru yana zaune a baki yana ba da umurni. A nan na gane digar gaske ba ta san danna yatsa ba. Hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Ba mu ga ruwa ba sai da hadari ya fara haɗuwa, lokacin albasar shekarar ta riga ta wuce Baba. Ranar da laka ta fito a kwando, Malam Sahabi ya leƙo ramin ya ce wa Buhari, "A ce mai sannu." Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Da rani ya zagayo aka yi lambun. Baƙar ƙasar da muka tono a gindin dogon-yaro kuwa Baba bai bar ta a banza ba, ya sa aka kwashe ta aka zuba a fangalai. Da aka cire albasa sai ga Buhari da buhu a bayan babur, kowace ɗaya kamar dunƙulen hannu, ya sauke a ƙofar shago gaban mutanen tasha, ya ce da ƙarfi, "Baba ya ce a kawo ma Na Ɗaya rabonai, shi ya gano takin!" Kulu ta yi mana miya da ita har ta ƙare. Na ci, amma ban taɓa neman ƙari ba.

Har yanzu ina wasan, sai dai idan an tambaye ni me nake yi, ina cewa wasa nake yi, da babbar murya, ko a gaban wa. Da aka sake sabunta shi Bello ya ce mu jera sababbin abubuwa, na ce ya jera shi kaɗai, ni na yi ritaya daga alƙalanci. Hausawa suna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya fara faɗar haka a bakin ramin ya tsaya. Ni da na shiga, ina shaida muku yana kaiwa ƙirji.